Yadda Aka Samo Banjun Likita

A zamanin nan idan za a yi wa mutum fiɗa a asibiti, sai a kwantar da shi, a yi masa allura a hannu, ko a ɗora masa wani abu a hanci ya shaƙa. Kafin ya ƙirga goma barci ya ɗauke shi. Sa'ad da ya farka an riga an gama, an ɗinke, har an naɗe wurin. Mu da muka tashi muka tarar da abin haka ba mu cika ɗaukarsa a bakin kome ba. Amma fa bai ko kai shekara 200 a hannun likitoci ba. Na ga ya kamata in kawo labarinsa cikin wannan mujalla tamu, gama in mun fita aikin koyarwa a ƙauyuka, malamin makaranta shi mutane ke tambaya zancen asibiti. Da yawa kuwa ba wuƙar likita su ke tsoro ba, banjun su ke tsoro, wai kada mutum ya yi barci ya zarce. Tsoron nan yana da asali, kuma yana da amsa, duka biyun kuwa suna cikin labarin.

Kowa a cikinmu ya san yadda wanzami ke aiki ran kaciya ko ran cire belu, ya kuma san yadda mai ɗori ke jan ƙafar da ta karye. Ƙattai a ke samu su danne mutum, shi kuwa ya cije. To, haka abin ya ke a manyan asibitocin Turai har zuwa 1846. Ana ɗaure majinyaci a kan teburi ko kujera, mataimaka su riƙe shi, likita ya sa wuƙa yana jin kururuwarsa. Saboda haka ba a yabon likitan fiɗa da kome kamar sauri. Wani likitan Landan, Robert Liston, ya yi suna da yanke ƙafa cikin minti biyu ko uku, wani lokaci ma bai cika minti ba. Aikin da a ke iya yi kaɗan ne: yanke hannu ko ƙafa, cire tsakuwar mafitsara, cire ƙarin da ke kusa da fata. Ciki da ƙirji kuwa kusan ba mai taɓa su, domin ba wanda zai kwanta shiru a buɗe masa ciki yana kallo.

Akwai wata marubuciya 'yar Ingila, Fanny Burney, wadda aka yanke wa nono a birnin Faris cikin 1811, don ana zaton sankara ce. Likitan da ya yi aikin shi ne Larrey, babban likitan sojan Napoleon, watau ba a rasa gwani ba ke nan. Abin da aka ba ta kurum shi ne ɗan ruwan inabi, aka shimfiɗa mata adiko a fuska. Adikon kuwa shara-shara ne, tana hangen ƙyallin wuƙar ta cikinsa. Aka yi wajen minti 20 ana aiki, tana jin ƙarfe yana kankarar ƙashin ƙirjinta. Sai da watanni suka wuce kāna ta iya rubuta wa 'yar'uwarta labarin. Ta rayu har 1840. Wasu da yawa sukan zaɓi mutuwa da ciwonsu da su hau teburin nan, ni kuwa ban ga laifinsu ba.

Ba wai mutanen dā sun zauna ba su nemi magani ba ne. Tun zamanin Girkawa da Rumawa an san ƙaron ofiyom, an san wasu saiwoyi da ganyaye masu gusar da hankali. Kalmar banju ma da mu ke amfani da ita daga Larabci ta zo, asalinta sunan wani tsiro ne mai sa maye da barci. Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, ya yi bayanin ofiyom da irin ƙarfinsa cikin babban littafinsa na likitanci. Likitocin Italiya na ƙarni na 13 sukan jiƙa soso da ruwan waɗannan tsire-tsire su kanga wa mutum a hanci. Wahalar duka ɗaya ce, watau awo. Ganyen bana ba shi da ƙarfi ɗaya da na bara. In an ba da kaɗan mutum ya ji wuƙa, in an ƙara ya tafi ke nan. Giya kuwa sai ta sa mutum ya yi ta kokawa da masu riƙonsa. Larrey ɗin nan ya lura a yaƙin Eylau cikin 1807 cewa sojan da sanyin ƙanƙara ya sandarar wa gaɓa ba su cika jin zafin yanka ba, amma ba kullum a ke samun ƙanƙara ba.

Akwai wani mutum da ya ci nasara da irin wannan hanya ta tsire-tsire, kuma ba Bature ba ne. Sunansa Hanaoka Seishu, likitan karkara a ƙasar Japan. Ya yi wajen shekara 20 yana gwada haɗe-haɗe, har uwarsa da matarsa suka ba da kansu ya gwada a jikinsu, matar kuwa ta makance. Babban abin da ke cikin haɗin nasa ba wani abu ba ne illa zaƙami, wannan dai mai farin fure kamar kakaki da ke fitowa a jujinmu. Sha a ke yi, sai bayan sa'o'i ya kama jiki, mutum ya kwanta bai san inda ya ke ba. Ran 13 ga Oktoba, 1804, ya ba wata mace mai shekara 60 wannan magani, ya yanke mata sankarar nono tana barci. Daga baya ya yi wa mata wajen 150 irin wannan aiki. Amma a lokacin Japan ta rufe ƙofofinta ga baƙi, labarin bai fita waje ba. Kada fa wani ya karanta wannan ya ce zai gwada zaƙami. Dafi ne, yana haukatarwa, yana kisa. Mutumin da ya shekara 20 yana awonsa ma bai tsirar da idon matarsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin labarin duka shi ne, maganin yana nan a kan kantar masu sayar da magani, ba wanda ya ɗauka. Akwai wani ruwa da a ke kira eta, garai ya ke kamar ruwan sha, yana da wari mai ƙarfi, in an zuba shi a tafin hannu nan da nan ya bi iska. Tun 1540 wani Bajamushe, Valerius Cordus, ya rubuta yadda a ke haɗa shi. Sa'an nan akwai wata iska da Joseph Priestley ya gano cikin 1772. Wani saurayi masanin kimiyya a Bristol, Humphry Davy, ya yi ta shaƙar ta, ya ga tana sa mutum nishaɗi da dariya, har aka sa mata suna iskar dariya. Ya kuma lura da ta kwantar masa da ciwon dasashi. Cikin 1800 ya rubuta a littafinsa ƙarara cewa mai yiwuwa ne a yi amfani da ita wajen fiɗa. Ba likitan da ya kula. Aka shekara 44. A tsakanin nan wani likitan ƙauye na Ingila, Henry Hickman, ya sumar da 'yan karnuka da wata iskar dabam cikin 1824, ya yi musu yanka ba su motsa ba, ya rubuta wa manya a Landan da Faris, aka yi banza da shi, ya mutu yana da shekara 30. A ganina ba ƙarancin ilmi ya kawo wannan jinkiri ba. Likitocin sun tashi sun tarar ana cewa wuƙa da zafi tare su ke, kamar wuta da hayaƙi, har wasu na ganin zafin yana taimakon warkewa. Wanda ya gaskata haka ba zai nemi raba su ba.

To, da likitoci suka ƙyale su, sai eta da iskar dariya suka zama kayan wasa. A Amurka masu yawon nuna abin mamaki sukan tara mutane a zaure, a biya kuɗi, a ba wasu su shaƙa, su yi ta tangaɗi ana dariya. Samari kuma sukan taru da dare su shaƙi eta don maye. Daga cikin wannan shashanci abin ya fito.

Wani matashin likita a ƙauyen Jefferson cikin jihar Jojiya, Crawford Long, yana cikin masu irin wannan wasa. Ya lura shi da abokansa sukan wayi gari da ƙujewa a jiki ba su san sa'ad da suka buge ba. Ran 30 ga Maris, 1842, ya zuba eta a tawul, ya ba wani saurayi James Venable ya shaƙa, ya cire masa ƙari a wuya. Saurayin bai ji kome ba. Ladan aikin dala biyu ne. Long ya sake yi wa wasu, amma bai buga labarin ba sai 1849, bayan duniya ta riga ta ji daga bakin wani.

Na biyu shi ne Horace Wells, likitan haƙori a garin Hartford. Ran 10 ga Disamba, 1844, ya je kallon wasan iskar dariya, ya ga wani ya shaƙa ya bugi benci da ƙwauri har jini ya fito, amma bai san ya ji ciwo ba. Kashegari Wells ya sa aka kawo masa iskar, ya shaƙa da kansa, abokin aikinsa ya cire masa haƙori. Da ya gwada wa mutane goma sha wani abu ya ga ya yi, sai ya tafi Boston cikin Janairu 1845 don ya nuna a gaban ɗaliban likita. Aka yi rashin sa'a, ya janye jakar iskar da wuri, wanda a ke cire wa haƙorin ya yi ƙara. Ɗalibai suka yi masa ihu, suka ce damfara ce. Mu da mu ke zuwa gwajin koyarwa mun san yadda aji kan juya wa mutum in darasi ya ƙi, sai ku auna nasa. Daga ran nan Wells bai sake miƙewa ba.

Cikin waɗanda suka ga wannan kunya akwai tsohon abokin sana'arsa, William Morton. Shi mutum ne mai son kuɗi, mai naci kuma. Sana'arsa dasa haƙoran roƙo ce, kafin a dasa kuwa sai an tumɓuke tsofaffin, mutane na gudu. Ya nemi shawarar wani masanin haɗa magunguna, Charles Jackson, aka nuna masa eta mai tsabta. Ya gwada a kan karensa da kansa, ran 30 ga Satumba, 1846, ya cire wa wani mutum haƙori ba zafi. Sai ya nemi babban likitan fiɗa na Babban Asibitin Massachusetts, John Collins Warren, ya ba shi dama, watau mutumin da ɗalibansa suka yi wa Wells ihu.

Aka sa ran Jumma'a, 16 ga Oktoba, 1846. Ɗakin fiɗar yana can saman ginin, da kujeru hawa-hawa, ya cika da likitoci da ɗalibai. Majinyacin wani saurayi ne mai aikin ɗab'i, Gilbert Abbott, da ƙari a ƙarƙashin muƙamuƙi. Morton ya makara, yana wurin maƙerin da ke gyara masa kayan shaƙar, har Warren ya yi shirin farawa ba shi. Sai ga shi da wata kwalba mai kamar ƙwarya, baki biyu, da soso jiƙe da eta a ciki. Abbott ya sa baki ya yi ta ja, bayan 'yan mintoci ya yi laƙwas. Warren ya tsaga. Kowa na jiran kururuwar da aka saba, ba a ji ba. Can wajen ƙarshe saurayin ya ɗan motsa yana sambatu, amma da ya farka ya ce bai ji zafi ba, sai kamar ana kankare masa wuya. Warren, dattijo mai shekara 68 wanda ba a san shi da yabo ba, ya juya ya gaya wa 'yan kallo cewa wannan kam ba damfara ba ce. Morton a ran nan shekararsa 27.

Sai dai ya so ya ɓoye ko mene ne a cikin kwalbar. Ya zuba man lemo don ya ɓad da warin, ya sa masa suna Letheon, ya nemi takardar mallaka don duk wanda zai yi amfani da shi ya biya shi. Likitocin asibitin suka ce ba za su ƙara ba majinyatansu abin da ba su san shi ba. Tilas ya faɗa, ran 7 ga Nuwamba aka yanke wa wata budurwa ƙafa da shi. Da aka ji eta ne kurum, wanda ke kowane kanti, takardar mallakar ta zama banza. Cikin watan nan aka buga labarin a jaridar likitoci ta Boston, jirgin ruwa ya ɗauke shi ya isa Libaful a tsakiyar Disamba. Ran 21 ga wata Liston, mai saurin nan, ya yanke wa wani mutum ƙafa da eta cikin ƙasa da rabin minti. Mutumin ya farka yana tambaya yaushe za a fara. Kafin shekara ta kewayo abin ya gama Turai, ya kai Indiya da Ostireliya. A Afirka ma, cikin Yuni 1847, wani likita Atherstone ya yanke ƙafa da shi a Grahamstown ta Afirka ta Kudu.

Eta yana da nasa aibi. Yana sa tari da amai, yana jinkirin kamawa, ga kama wuta kamar fetur, a zamanin da a ke aiki da fitila da kyandir. Wani shehun malamin unguwarzomanci a Edinbara, James Simpson, wanda tun Janairu 1847 ya fara ba mata eta wajen naƙuda, ya shiga neman abin da ya fi shi. Hanyarsa ta nema kuwa abin tsoro ce: shi da mataimakansa biyu sukan zauna a teburin cin abinci da dare su yi ta shaƙar ruwaye iri iri. Ran 4 ga Nuwamba, 1847, suka shaƙi kulorofom, suka ɗan yi surutu, sai duka ukun suka zube ƙasa. Da awon ya ɗara haka da labarin ya ƙare a nan. Kulorofom yana da ƙamshi, ba ya kama wuta, ɗigo kaɗan a adiko ya isa. Nan da nan ya kori eta a Ingila.

Akan ce wai malaman coci sun tashi tsaye sun hana a ba mata, saboda abin da ke cikin Farawa sura 3 game da wahalar haihuwa. Gaskiya ne Simpson ya rubuta ɗan littafi cikin Disamba 1847 yana amsa wannan, har ya kawo barci mai nauyin da aka sa wa Adamu kafin a cire haƙarƙarinsa. Amma masu binciken tarihi da suka bi takardun lokacin sun tarar masu wannan suka kaɗan ne ƙwarai. Yawancin masu ƙi likitoci ne, hujjarsu kuwa ita ce haɗari, kuma ba su yi ƙarya ba. Ran 28 ga Janairu, 1848, wata yarinya mai shekara 15, Hannah Greener, a wani ƙauye kusa da Newcastle, aka ba ta kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. Cikin minti biyu ko uku ta mutu tana zaune a kujera. Farce fa kurum! Wasu suka biyo bayanta, yawancinsu masu ƙarfi, a kan ƙananan ayyuka. Sai cikin 1911 aka tabbatar da dalilin, watau kulorofom kan rikita bugun zuciya farat ɗaya. Asalin tsoron da na ambata da fari ke nan.

Mutumin da ya fara mai da wannan abu aikin awo, a wurina kuwa shi ya fi su duka cancantar yabo, shi ne John Snow, ɗan wani lebura daga garin York. Bai yarda da zuba magani a tsumma da ka ba. Ya auna yawan tururin da ke cikin iska a zafi dabam dabam, ya gwada a kan tsuntsaye da ƙananan dabbobi, ya ƙera na'urar da ke daidaita shi. Ya kasa barcin hawa biyar, tun daga ɗan maye har zuwa inda numfashi ke shirin tsayawa, ya nuna alamar kowane a ido da numfashi, don mai bayarwa ya san inda zai tsaya. Ya kuma nace cewa mai ba da maganin kada ya yi wani aiki sai duban majinyaci. Ran 7 ga Afrilu, 1853, shi aka kira ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom wajen haihuwar ɗanta na takwas, Leopold. Kaɗan kaɗan ya ba ta, hankalinta bai gushe duka ba. Ta ji daɗinsa, ta sake nema cikin 1857, daga nan matan Ingila suka daina jin nauyin nema. Wannan Snow ɗin dai shi ne ya bi sawun kwalara har zuwa wani famfon ruwa a Landan cikin 1854. Amsar da za mu ba mai tsoro daga wurinsa ta faro: yau ba da banju fanni ne mai zaman kansa, da likitoci da nas-nas waɗanda shi kaɗai suka koya, an daina kulorofom tuntuni, akwai kuma na'urori masu nuna bugun zuciya da numfashi tun daga fari har mutum ya farka.

Kada a ɗauka da zuwan banju fiɗa ta zama lafiya lau. Da likitoci suka sami sararin yin aiki a natse sai suka ƙara yawan yanka, da hannu da riguna marasa tsabta, miki ya yi ta ruɓa, mutane na mutuwa bayan kwanaki. Sai da Joseph Lister ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta cikin 1867 abin ya fara gyaruwa.

Kashe zafi a wuri ɗaya ba tare da barci ba, shi kuma ya zo daga baya. Cikin 1884 wani matashin likitan ido a Biyana, Carl Koller, ya ɗiga hodar ganyen koka da aka narke a idon kwaɗo, sa'an nan a nasa idon, ya taɓa da kan allura bai ji ba. Ba shi da kuɗin zuwa taron likitocin ido a Heidelberg, sai wani ya karanta takardarsa a madadinsa. Cikin 1898 August Bier na Jamus ya zuba irin maganin cikin ruwan laka ta ƙashin baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci. Shi da mataimakinsa suka gwada a kan juna, aka ƙona mataimakin da taba, aka buge shi da guduma a ƙwauri, bai ji ba. Bier ya kwana tara a kwance da ciwon kai. Irin wannan allurar baya ce a ke yi wa mata da yawa in za a ciro jariri ta ciki. Eta kuwa ya daɗe a asibitocin karkara na Afirka bayan Turai ta bar shi, gama yana da araha, ba ya saurin tsai da numfashi, kuma da wata ƙaramar na'ura da aka ƙera a Oxford bayan 1950 ana iya ba da shi ba tare da tukunyar iska ba.

Waɗanda suka fara kuwa ba su ci moriyar abin ba. Morton da Jackson da Wells suka shiga jayayya kan wane ne mai shi, daga baya aka jawo Long ciki. Wells ya kamu da shaƙar kulorofom, cikin maye ya watsa wa wasu mata ruwan guba a titin New York, aka kulle shi, ya kashe kansa a kurkuku cikin Janairu 1848 yana da shekara 33. Morton ya bar sana'arsa ya yi ta zarya majalisar Amurka yana neman tukuicin dala 100,000, ba a ba shi ba, ya mutu da talauci cikin 1868. Jackson ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali cikin 1880. Long kaɗai ya ci gaba da aikinsa na likita har ya rasu cikin 1878. A shekarar da Morton ya mutu aka kafa wata hasumiya ta dutse a lambun birnin Boston don tunawa da ranar 16 ga Oktoba. Da ya ke gardamar ba ta mutu ba tukuna, masu ginin suka rubuta sunan asibitin da shekarar, ba su sa sunan ko ɗaya daga cikin mutanen huɗu ba.